Sha Biyu ga Yuni

Babana bai taɓa riƙe ranar haihuwar kowa ba,
ko tawa sai Inna ta zungure shi.
Amma sha biyu ga Yuni, ko daga barci ka tashe shi
zai lissafo maka ita shekara bi shekara
kamar mai bin tsohon bashi.

Ta farko, in ji shi, a hamsin da huɗu.
Yana ɗan shekara tara a birnin Duluth,
Maki mai sayar da rediyo
ya girke wani akwati a bayan gilashin kantinsa.
Masu lodin jirgin ruwa, jan ƙarfe a wuyan rigunansu,
suka yi cincirindo har kan kwalta.
Ba a jin komai, gilashi ya tare.
Wani mutum baƙi-da-fari yana ta motsa baki,
wata tsohuwa ta gyara hularta
kada baƙon ya gan ta a hargitse.
Babana ya manna hanci har ya yi sanyi,
ya koma gida ya sha faɗa,
miyarsa ta huce, bai ma kula ba.

Ta biyu a sittin da shida.
Ya zama yaron shagon Maki, sukundireba a aljihu,
aka aike shi gidan Halvorsen
su ne suka fara sayen mai kala a layinsu.
Yana kan rufi, rungume da eriya,
iskar tabki na neman kwashe shi,
wata murya daga taga tana ba shi umarni:
Hagu! Hagu kaɗan! Ka wuce! Dawo!
Tsaya nan, kada ka yi numfashi!
Ya sauko ya tarar da fuskar mai labarai
kore shar kamar ɗanyen ganye,
da yarinyar da ke dariya har da riƙe ciki.
Lorna ke nan. Inna ke nan.
Shekara talatin da takwas tana ce masa hagu kaɗan,
bai taɓa musu ba.

Akwai waɗanda yake tsallakewa.
Shekarar da aka ja waya gida-gida,
eriyoyi suka bushe a kan rufi kamar ƙayar kifi.
Shekarar da wani ya ce masa,
gyaran ya fi sabo tsada, Arvid, bar shi.
Waɗannan ba su da rana, in ji shi,
a hankali suka shigo, kamar furfura.

Ta ƙarshe ina wurin.
Dubu biyu da tara, ranar Juma'a,
ranar da manyan tashoshi suka kashe tsohuwar hanya,
duk akwatin da bai koyi sabon yare ba ya kurumce.
Na kawo masa ƙaramar na'urar da ke fassara,
ya ajiye ta a kan firji, ko ledar bai yage ba.
Ya jawo kujera gaban tsohon akwatin katako,
ya ajiye ta biyu a gefensa, babu kowa a kai.
Ana cikin hasashen ruwan gobe
sai hoton ya ɗauke.
Tururuwa baƙi da fari suka cika gilashi
suna yaƙin da ba mai raba su,
shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano.

Na miƙa hannu zan kashe.
Ya ce, bari.
Ya daɗe yana kallo, haske na rawa a tabaransa,
sannan ya ɗaga kai wajen silin,
can inda eriya take, ta yi tsatsa,
ya ce a hankali, ba da ni ba:
Hagu kaɗan.

Akwatin yana ɗakina yanzu,
tukunyar fure a kansa, ruwa ya ɓata katakon.
Ɗana yana kallon duniya a tafin hannunsa,
ya tambaye ni me wannan kabad ɗin yake yi.
Na ce masa jira Yuni.
Sai ya yi minti guda kafin ya yi ɗumi,
kuma ba ya nuna komai.
Ka dai zo ka zauna.